RDMA tsakanin kwamfutocin gida: inda ake tuntuɓe da yadda ake tabbatar da ya kama

Mai ɗaukar bidiyon biki a Ringim ko Gezawa, wanda yake dawowa daga kamu da ɗaurin aure da walima da katunan kyamara uku a cike, ya san abin da jiran kwafi yake ci masa. Kyamarar da ke naɗar 4K a kan megabit 100 a sakan tana cinye kimanin gigabayit 45 a awa ɗaya. Idan aikin biki guda ya kai gigabayit 200, kuma yana ajiye a wata kwamfuta daban da wadda ake tace shi a kai, wayar sadarwa ta gigabit ɗaya, wadda ba ta wuce megabayit 112 zuwa 118 a sakan, za ta kwashe kusan rabin awa tana jan sa. A kan gigabit 10 abin ya dawo minti uku. A kan gigabit 25 kuwa minti ɗaya ne da 'yan sakanni, muddin faifan da ke kowane ɓangare zai iya bin wannan gudu. A nan ne maganar RDMA, wato dabarar da kwamfuta ke zuba bayanai kai tsaye cikin RAM ɗin wata kwamfutar, take shigowa, domin da zarar an haura gigabit 10, sau da yawa furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, ita ce take fara nishi tun waya ba ta cika ba.

A hanyar da aka saba, wato TCP, duk ƙunshin bayanan da ya iso sai katin sadarwa ya katse wa furosesa aiki. Ita za ta duba shi, ta jera shi a layinsa, ta kwafe shi daga ma'ajiyar tsarin kwamfuta zuwa inda manhaja take jiran sa. Da RDMA kuwa, manhaja tana keɓe wani yanki na RAM, ta yi masa rajista a wurin katin, katin ya ba ta makulli, ta aika wa ɗaya kwamfutar makullin. Daga nan katunan biyu ne suke zuba bayanai kai tsaye a cikin wannan yanki, furosesa sai dai a sanar da ita an gama. Kamar maigidan da ya gaji da tsayuwa a zaure yana karɓar buhun gero ɗaya bayan ɗaya yana miƙawa ciki, sai ya ba mai amalanke makullin sito guda, ya ce ya jera su da kansa, in ya kammala ya yi sallama. Ribar guda biyu ce: furosesa ta samu sarari, kuma jinkirin da ke tsakanin tambaya da amsa ya ragu sosai. Na biyun shi ne mai tace bidiyo yake ji a hannunsa sa'ad da yake jan hoto gaba da baya.

Abin da ya sa mutane da yawa suke zaune da katunan RDMA ba tare da RDMA ba shi ne, idan ya gaza, a Windows ba ya kuka. Windows tana fara haɗuwa ne da TCP ta ƙofa lamba 445, sannan ta tambayi kwamfutar ajiya waɗanne katuna take da su. In ta ga ɓangarorin biyu suna da mai RDMA, sai ta gwada buɗe hanya ta can. In hanyar ta ƙi, ba saƙo ba gargaɗi, sai ta ci gaba da TCP. Mutum ya ga gigabayit ɗaya da rabi a sakan, ya yi murna, alhali katin yana aiki ne kamar kowane kati. Saboda haka aikin nan gaba ɗayansa na hawa-hawa ne: a tabbatar da kowane mataki da gwajin da ya dace da shi kafin a taka na gaba.

Amma kafin a kashe ko kwabo, a dubi faifai. Faifai mai juyawa yana bayar da megabayit 150 zuwa 250 a sakan. SSD na SATA yana tsayawa a wajen 550. NVMe, wato SSD da ake sokawa kai tsaye a layin PCIe na cikin kwamfuta, yana kaiwa gigabayit 3.5 a kan PCIe 3.0, na PCIe 4.0 kuma kusan 7. Wanda ajiyarsa faifai biyu ne masu juyawa, ko gigabit 10 ba zai cika ba, RDMA ba abin da zai ƙara masa, gara ya sa kuɗin a batir. Haka wanda aikinsa ƙananan takardu ne na shagon buga takardu, ko kwamfutocin jarabawa na makaranta. Wanda abin zai yi wa rana shi ne mai NVMe a ɓangarorin biyu, ko mai faifai masu juyawa da yawa da aka haɗe su suna aiki tare da RAM mai yawa, musamman mai tace bidiyon 4K da aka naɗa a tsarin ProRes 422 HQ, inda kyamara ɗaya kaɗai take haura megabit 700 a sakan.

Katin da za a saya

RDMA iri uku ne. InfiniBand hanya ce mai zaman kanta da nata suwic, wato akwatin da ke haɗa wayoyin kwamfutoci da yawa. RoCE yana tafiya a kan Ethernet, wato hanyar sadarwa ta waya da aka saba. iWARP kuma yana tafiya a kan TCP ɗin da katin yake sarrafawa da kansa, shi ne na katunan Chelsio. Ukun nan ba sa magana da juna, don haka kati mai iWARP a wannan gefe da mai RoCE a wancan asarar kuɗi ce. A kasuwar kayan hannu, waɗanda ake cirowa daga manyan cibiyoyin ajiyar bayanai na ƙasashen waje, katunan Mellanox ne suka fi yawa, kamfanin da Nvidia ta kammala saye a 2020.

ConnectX-3 shi ne mafi araha, kamar MCX354A-FCBT mai baki biyu na gigabit 40. Sai dai arahar tana da ƙaya. Wanda ba a rubuta masa Pro ba RoCE na farko kawai ya iya, wanda ke tafiya a kan Ethernet tsagwaronsa. RoCE na biyu, wanda ake naɗe shi cikin UDP ta ƙofa lamba 4791, sai ConnectX-3 Pro zuwa sama. Idan aka haɗa tsohon ConnectX-3 da ConnectX-4, ɗaya yana kira da na farko, ɗaya yana sauraro da na biyu, ping, wato gwajin ko ɗaya kwamfutar tana amsa kira, zai tafi lafiya, RDMA kuwa ba zai tashi ba. A Linux ana iya gyara wannan ta fayil ɗin default_roce_mode da ke ƙarƙashin /sys/kernel/config/rdma_cm, amma wahala ce da bai kamata mutum ya saya wa kansa ba. Ƙari a kan haka, direban Windows na ConnectX-3, wato WinOF, ya tsufa, sabon WinOF-2 kuma daga ConnectX-4 ya fara.

A ganinmu, zaɓin da ya fi dacewa da gida shi ne ConnectX-4 Lx, MCX4121A-ACAT, mai baki biyu na gigabit 25, guda ɗaya a kowace kwamfuta. Direbansa, mlx5, yana cikin Linux tun asali, yana yin RoCE na biyu, wutar da yake ci kuma wajen wat goma ce, abin da mai sola zai iya ɗauka. A tambayi mai sayarwa wane ƙarfen ɗaurewa ne a jikinsa, dogo ko gajere, domin da yawa da gajere na saba, wato manyan kwamfutocin cibiyoyin ajiyar bayanai, suke zuwa, ba za su ɗauru a akwatin kwamfutar tebur ba. A kuma sani cewa wanda ke ɗauke da tambarin HPE ko Dell ko Lenovo yana da lambar shaida, PSID, tasa daban, wadda umarnin mstflint -d 01:00.0 q zai nuna (01:00.0 misali ne na adireshin katin a cikin kwamfuta), kuma famwayar Nvidia, wato manhajar da ke zaune cikin katin kansa, ba za ta hau shi kai tsaye ba. Idan katin yana aiki, a ƙyale famwayarsa. Idan dole ce ta kama, kada a taɓa sabunta ta sai kwamfutar tana kan batir mai caji, domin wuta ta ɗauke ana tsakiyar rubutawa na iya barin ka da katin da sai an sha wahala kafin ya farfaɗo.

Sai gurbin da za a soka shi. Katin yana son layi takwas na PCIe 3.0, wato kimanin gigabit 63. A yawancin madabod na gida, wato babban allon da ke cikin kwamfuta, gurbin farko ne kaɗai yake da layi goma sha shida, kuma katin hoto ya riga ya zauna a ciki. Gurbi na biyu dogo ne a ido, amma sau da yawa layi huɗu ne a ciki, wani lokaci ma ɗaya. Layi huɗu na PCIe 3.0 suna ba da kusan gigabit 31, sun ishi baki ɗaya na gigabit 25, ba su ishi biyu ba. A Linux, lspci -vv zai nuna layin LnkSta, inda ake ganin gudu da faɗin da katin ya samu a zahiri. A duba littafin madabod kuma, domin a wasu, sa NVMe na biyu yana rage layukan wannan gurbi. Akwai kuma kwamfutocin ofis da ke ƙin tashi ko su ɓatar da rabin RAM idan an sa musu katin saba. Galibi rufe ƙafafun B5 da B6 na katin da siririn tef yana magance wannan.

A bar suwic tukuna

Kwamfuta biyu ba sa buƙatar suwic. Wayar DAC, wadda take zuwa da kawunanta biyu a manne, ta SFP28, wato irin bakin da katin gigabit 25 yake da shi, mai tsawon mita ɗaya zuwa uku, ita ce mafi sauƙi, kusan ba ta cin wuta, kuma ba ta da gilashin da ƙura za ta ɓata. Ko kwamfuta uku ne ana iya yi: baki ɗaya na kwamfutar ajiya ya tafi wurin mai tacewa na farko, ɗaya bakin ya tafi wurin na biyu. Sharaɗin shi ne kowace waya da nata rukunin adireshi. Ta farko 10.10.10.1 da 10.10.10.2, ta biyu 10.10.20.1 da 10.10.20.2, duk da abin rufewa 255.255.255.0, kuma a bar gurbin mafita zuwa intanet babu komai. Intanet ya ci gaba da bi ta wayar da ya saba ko ta Wi-Fi. Adireshin kuma a ɗora shi a kan bakin katin kansa, ba a kan gadar da Proxmox ko Hyper-V, manhajojin tafiyar da kwamfuta cikin kwamfuta, suke ƙirƙira ba, ba kuma a kan katunan da Windows ta ɗaure wuri guda ba, domin nan ma RDMA yakan ɓace shiru.

Idan shagon yana bakin titi, kwamfutar ajiya kuma tana cikin gida, to fayiba za a ja. Kan SFP28 nau'in SR yana kai mita 70 a kan fayiba nau'in OM3, mita 100 a kan OM4. Fayiba tana da wata fa'ida da mutanenmu ba su cika lissafawa ba: ba ta ɗaukar wuta. Da damina, wayar tagulla da aka ja tsakanin gini biyu hanya ce da tsawa take bi ta ƙona kayan ɓangarorin biyu. Fayiba ba ta da wannan haɗari. A binne ta cikin bututu saboda ɓera da gara, kada a lanƙwasa ta da ƙarfi a kwana.

In an soka waya fitila ba ta kama ba, a gigabit 25 abin zargi na farko shi ne tsarin gyaran kuskure, FEC. Dole ɓangarorin biyu su dace a kan iri ɗaya. Umarnin ethtool --show-fec zai nuna wanda ake kai, ethtool --set-fec kuma ya sauya shi. A ConnectX-3 mai iya aiki biyu kuwa, wato InfiniBand da Ethernet, sau da yawa katin yana zaune ne a matsayin InfiniBand. Alamarsa ita ce ibstat ya nuna Initializing ya tsaya a nan, domin InfiniBand ba ya tashi sai da manajan hanya, opensm, yana gudana a ɗaya daga cikin kwamfutocin. Mafi sauƙi a mayar da shi Ethernet da wannan umarni, sannan a sake kunna kwamfutar:

mstconfig -d 01:00.0 set LINK_TYPE_P1=2 LINK_TYPE_P2=2

Zafi kuwa a nan ƙasar ba ƙaramar magana ba ce. An ƙera katunan nan ne don akwatin saba mai fankoki masu ƙarfi a ɗaki mai sanyi. Ƙarfen shan zafin da ke jikinsu bai isa shi kaɗai ba. A watannin Maris, Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Kano da Jigawa, cikin ɗaki mai rufin kwano, katin da ba iska a kansa zai yi aiki da safe lafiya, da azahar kuma hanya ta yanke ana tsakiyar babban kwafi, ta dawo bayan ya huce. Mai shi ya yi ta zargin waya. A ɗaura ƙaramar fanka ta milimita 40 a kan ƙarfen da igiyar roba mai zugewa, ko a kafa ta milimita 80 a gefe tana hura masa kai tsaye. A duba zafinsa da mget_temp, a kuma leƙa dmesg, inda direban yake rubuta gargaɗin zafi. Da hunturu kuma ƙura ce: tana toshe haƙoran ƙarfen, tana kuma shiga bakin da ba a rufe ba. Duk bakin da ba waya a ciki a mayar masa da murfinsa na roba. Kan fayiba kada ya taɓa kwana a buɗe, kuma a goge shi da alƙalamin goge fayiba kafin a soka. Idan lambar rx_crc_errors_phy a cikin ethtool -S tana hawa, datti ne ko waya ta lalace.

Gwajin da ba ya ƙarya

Ko da Windows za a yi aiki daga baya, ya fi kyau a fara tayar da kwamfutocin biyu da Linux, ko daga filasha ne, a gwada katunan su kaɗai ba tare da faifai ya shigo lissafi ba. A girka rdma-core da ibverbs-utils da perftest. Umarnin rdma link show ya nuna ACTIVE. Umarnin ibv_devinfo kuma ya nuna active_mtu. Nan akwai abin lura: RoCE yana da girman ƙunshi biyar ne kacal, 256, 512, 1024, 2048 da 4096. Idan an bar Ethernet a 1500, RoCE zai sauka zuwa 1024. In an ɗaga zuwa 9000 a ɓangarorin biyu, sai ya hau 4096. A Windows ana zaɓar 9014. Ɗagawa a gefe ɗaya kaɗai ya fi barin sa muni, domin ƙananan saƙonni za su wuce, manya su maƙale. A tabbatar da ping -M do -s 8972.

Sannan a gwada gudun RDMA. A kwamfutar ajiya a rubuta:

ib_write_bw -d mlx5_0 -R --report_gbits

A ɗaya kuma a rubuta wannan umarni dai, a ƙara 10.10.10.1 a ƙarshe. A kan gigabit 25 ya kamata a ga 23 ko sama da haka kaɗan. In an ga ƙasa da wannan sosai, a koma kan gurbin PCIe. In ya ce ya kasa keɓe RAM, iyakar memlock ce ta yi kaɗan, a ɗaga ta a /etc/security/limits.conf. A lura iperf3, manhajar auna gudun hanya, ba ya gwada RDMA ko kaɗan, TCP yake aunawa, don haka kyakkyawan sakamakonsa shaida ce kawai cewa waya lafiya take. Wanda bai sayi kati ba tukuna yana iya koyon duk waɗannan matakai a kan katin gigabit ɗin da yake da shi, da umarnin rdma link add rxe0 type rxe netdev sai sunan katin. Wannan RoCE ne da furosesa take kwaikwaya, ba ya ƙara gudu, amma yana koya wa hannu aikin kyauta.

Idan ɓangarorin biyu Linux ne, NFS, tsarin raba fayiloli tsakanin kwamfutocin Linux, ita ce hanya mafi gajarta kuma mafi daɗewa a aiki. A kwamfutar ajiya, cikin /etc/nfs.conf, ƙarƙashin sashen nfsd, a sa rdma=y da rdma-port=20049, a sake tayar da sabis ɗin, sannan a karanta /proc/fs/nfsd/portlist. In ba a ga rdma 20049 a ciki ba, kada a wuce nan. A loda rpcrdma da modprobe a sake. A /etc/exports a rubuta /ajiya, sai adireshin 10.10.10.2, sai zaɓuɓɓukan rw,sync,insecure,no_subtree_check a cikin baka, manne da adireshin ba tazara. Tazara ɗaya a wurin nan tana buɗe wa kowa ajiyar da ikon rubutu. Kalmar insecure kuma ana sa ta ne saboda mai haɗuwa ta RDMA ba lallai ya fito daga ƙananan ƙofofin da aka keɓe ba, kuma rashin ta yakan sa a ƙi shi. A kwamfutar aiki:

mount -t nfs -o proto=rdma,port=20049,vers=4.2 10.10.10.1:/ajiya /mnt/ajiya

Kyan wannan hanya shi ne, in RDMA bai samu ba umarnin zai gaza ƙarara, ba zai zame ya koma TCP ba. Umarnin nfsstat -m zai nuna proto=rdma.

Amma yawancin masu tace bidiyo a nan Windows suke kai, kuma nan ne ƙullin yake. SMB shi ne tsarin da Windows take raba fayiloli da shi. SMB Direct, sunan da Microsoft ta ba SMB a kan RDMA, ya zo ne da Windows Server 2012. Windows Home ba ta da shi. Pro for Workstations da Enterprise suna da shi, amma a matsayin mai karɓa kawai. Kwamfutoci biyu masu Windows 11, ko da katunansu sun dace, ɗaya ba za ta ba ɗaya fayil ta RDMA ba; mai bayarwa sai Windows Server, wadda lasisinta ke da tsada, ta gwaji kuma kwana 180 ce. Samba, manhajar SMB da Linux da akasarin akwatunan ajiya na kasuwa, wato NAS, suke aiki da ita, ba ta ba da SMB Direct a yadda aka saba girka ta. Abin da ya rage shi ne ksmbd, mai ba da SMB da ya shiga cikin zuciyar Linux a sigar 5.15, shekarar 2021.

Da farko a duba ko an gina shi da RDMA a Linux ɗin da ke hannu: grep -iE "smb_?direct" /boot/config-* ya nuna CONFIG_SMB_SERVER_SMBDIRECT=y. In babu, sai an sauya Linux ko an gina zuciyar da hannu. A kashe Samba, domin ba za su zauna a ƙofa 445 tare ba. A girka ksmbd-tools, a ƙirƙiri mai amfani da ksmbd.adduser, sannan a /etc/ksmbd/ksmbd.conf, sashen global, a sa server multi channel support = yes. Wannan layi shi ne aka fi mantawa, kuma in babu shi Windows ba za ta ma tambayi jerin katuna ba, balle ta gano akwai RDMA. A sani kuma ksmbd yaro ne idan aka kwatanta da Samba, an sha samun manyan ramukan tsaro a cikinsa, ciki har da wanda aka bayyana a ƙarshen 2022. A tsare shi a kan bakin wayar kai tsaye da zaɓin interfaces tare da bind interfaces only, kada ya leƙa Wi-Fi ɗin da maƙwabta da kwastomomi suke hawa, a kuma riƙa sabunta Linux ɗin. Katangar tsaro ta Linux ba ta ganin abin da katin yake turawa ta RoCE, don haka raba waya shi ne kariyar gaske.

A ɓangaren Windows, a girka WinOF-2, a tabbatar an kunna SMB Direct a jerin ƙarin kayan Windows, sannan a PowerShell a bi uku a jere. Get-NetAdapterRdma ya nuna katin a kunne. Get-SmbClientNetworkInterface ya nuna True a ƙarƙashin RDMA. A buɗe ajiyar da adireshin 10.10.10.1, ba da sunan kwamfuta ba, a fara kwafin babban fayil, yana cikin tafiya a rubuta Get-SmbMultichannelConnection da netstat -xan. Na ƙarshen shi ne alƙali: yana jera hanyoyin RDMA da ke buɗe, in babu to babu. Wata alama mai daɗi ita ce, fayil yana gudu da gigabayit biyu da ɗoriya, amma zanen Ethernet a Task Manager yana kwance kusan sifili, saboda bayanan ba sa bi ta inda Windows take ƙirgawa. In zanen ya tashi sama, TCP ne. A Linux kuma rx_vport_rdma_unicast_bytes a cikin ethtool -S ita ce za ta riƙa hawa.

Ko RDMA ya kama, gudu na iya zama ƙasa da tsammani, kuma dalilan sanannu ne. Windows 11 sigar 24H2 tana tilasta sa hannu a kan kowane saƙon SMB, aikin da furosesa ce take yin sa, don haka wani kaso na ribar yana komawa. A waya ta kai tsaye da ba mai shiga tsakani, mai shi yana iya yanke shawarar kashe shi da Set-SmbClientConfiguration, amma ya san cewa saitin ya shafi duk haɗuwar SMB na wannan kwamfuta. Sannan NVMe masu araha suna rubutu da gudu ne har ƙaramin ma'ajinsu na gaggawa ya cika, daga nan su faɗo ƙasa warwas. Kwafin gigabayit 200 zai tona wannan, na gigabayit biyar ba zai tona ba. Dubban ƙananan hotuna kuma ba za su taɓa cika waya ba, domin kowane fayil sai an buɗe an rufe. Umarnin kwafi na Windows, Robocopy, da /MT:16 yana taimakawa a nan, /J kuma ga manyan fayiloli.

Ranar da kwamfutoci suka wuce uku, suwic ya zama dole, kuma a nan ne RoCE yake nuna halinsa. Ba ya jure ɓatan ƙunshi. A waɗannan katuna, ƙunshi ɗaya ya faɗi, sai a sake turo duk abin da ya biyo bayansa. A waya ta kai tsaye kusan ba abin da ke faɗuwa, shi ya sa muka nace a kanta. A suwic kuwa, kwamfuta biyu su zuba wa ɗaya lokaci guda, ko mai gigabit 25 ta zuba wa mai 10, ma'ajin suwic ya cika ya fara zubarwa. Maganinsa PFC ne, tsarin da suwic yake ce wa mai aikawa ya dakata a kan rukuni ɗaya na bayanai, galibi rukuni na 3, tare da ECN mai sa alamar cunkoso tun kafin a kai ga zubarwa. Dole a saita su iri ɗaya a suwic da kowane kati, kuma ƙananan suwic masu araha da yawa ba su da PFC. A ƙaramar hanya da ba kowa sai waɗannan kwamfutoci, dakatarwar gama-gari ta 802.3x takan wadatar. Alamar zubarwa ita ce out_of_sequence da packet_seq_err suna hawa a cikin /sys/class/infiniband/mlx5_0/ports/1/hw_counters. A kuma lissafa cewa tsoffin suwic na saba suna da ƙara, kuma suna shan wuta dare da rana ko ba mai aiki, wanda a kan sola kuɗin batir ne kai tsaye.

Wutar nan dai ita ce za ta yanke hukunci a kan wani zaɓi guda da ke cikin /etc/exports. Da yawa suna sauya sync zuwa async saboda lambar gwaji tana tashi. Ma'anar async ita ce kwamfutar ajiya ta ce ta karɓa alhali bayanan suna RAM, ba su sauka a faifai ba. A kan gudun gigabayit biyu zuwa uku a sakan, 'yan sakanni kaɗan sun isa a tara gigabayit da yawa a RAM. Inbata ta yanke a wannan lokaci, mai kyamara kuma ya riga ya goge katinsa don ya ga kwafi ya kammala, to ɗaurin auren mutane ya tafi, kuma ba a sake shi. A bar sync. In rubutu ya yi nauyi a kan tsarin ajiyar fayiloli na ZFS, a ƙara ƙaramin SSD mai kariyar ɗaukewar wuta a matsayin SLOG, wato inda rubutu ke fara sauka kafin ya isa babban faifai. A sa UPS tsakanin inbata da kwamfutar ajiya, a haɗa shi da USB, a girka NUT, manhajar da ke lura da UPS, domin kwamfutar ta kashe kanta cikin tsari idan batir ya yi ƙasa. A ɓangaren mai karɓa a bar NFS a kan hard, yadda in kwamfutar ajiya ta ɗauke zai jira ta dawo ya ci gaba daga inda ya tsaya, maimakon soft da zai haƙura ya bar fayil rabi. Katin kyamara kuma kada a goge shi sai aikin yana wuri biyu, ɗaya daga ciki a faifan da ba ya jone da wuta.